BABI NA UKU: ƘUNGIYAR KANO PILLARS DA MATSALAR RIƘE KOCI MAI NASARA (2008–2022)

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda wasan ƙwallon ƙafa ya shigo ƙasar Hausa, da yadda ya samu gindin zama a birane da ƙauyuka. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan ƙungiya guda, wato Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da "Sai Masu Gida", da kuma wata matsala da ta daɗe tana ci mata tuwo a ƙwarya. Matsalar ita ce kasa riƙe mai horar da 'yan wasa, wato koci, bayan ya kawo mata nasara.

An zaɓi wannan ƙungiya ne saboda ta fi kowace ƙungiya a Arewacin Nijeriya cin kofin gasar lig ta ƙasa, kuma magoya bayanta ba su tsaya a Kano kaɗai ba. Mai wannan bincike ya taso ne a Kamarawa, cikin ƙasar Gobir, tsakanin Isa da Sabon Birni, inda samari kan taru a gindin rediyo da yamma domin jin yadda wasan Pillars ya kaya, duk da cewa yawancinsu ba su taɓa sa ƙafa a filin wasa na Kano ba. A irin wannan majalisa ne ya fara jin tambayar da ta haifar da wannan babi: wai me ya sa duk kocin da ya ci wa Pillars kofi ba ya daɗewa?

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tafiyar waɗannan koci-koci ba ta cutar da ƙungiyar nan take ba, kuma wannan jinkiri shi ne ya ruɗi masu tafiyar da ita. Da yake nasara ta ci gaba da zuwa bayan kowace rabuwa, sai aka ɗauka koci ba shi da wani muhimmanci. Ba a gane kuskuren ba sai bayan da abubuwan da suke rufa wa ƙungiyar asiri suka gushe ɗaya bayan ɗaya.

3.1 Asalin Ƙungiyar da Tsarin Mallakarta

Birnin Kano yana da daɗaɗɗen tarihi a fagen ƙwallon ƙafa. A shekarar 1953 ƙungiyar Kano ta ci Kofin Gwamna bayan ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1. Haka kuma a shekarar 1978 ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara a gasar lig ta ƙasa. Ita kuwa Kano Pillars ta yanzu an kafa ta ne a shekarar 1990, lokacin da Kanar Idris Garba yake gwamnan soja na jihar, ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. A wannan shekara ce kuma aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya. Shekara ɗaya bayan kafa ta, wato a 1991, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3 da 2.

Abin lura a nan shi ne, tun ran gini tun ran zane, ƙungiyar mallakar Gwamnatin Jihar Kano ce. Gwamnati ce ke naɗa shugaba da hukumar gudanarwa, ita ce ke ba da kuɗin albashi da na tafiye-tafiye, kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda ƙungiyar ke wasanninta na gida, nata ne. Wannan tsari bai keɓanta ga Kano ba, domin haka abin yake ga Enyimba ta Jihar Abiya da Rangers ta Jihar Inugu da mafi yawan manyan ƙungiyoyin ƙasar nan. Amfaninsa shi ne ƙungiya ba ta rushewa don wani attajiri ya gaji da kashe kuɗi, kamar yadda ya faru ga Leventis United da Abiola Babes a ƙarshen shekarun 1980. Illarsa kuwa ita ce, koci yana aiki ne a ƙarƙashin hukumar da ita kanta ba ta san ranar da za a rushe ta ba. Za a sake komawa kan wannan batu a sashe na 3.6.

3.2 Kadiri Ikhana da Kofin Farko (2008)

Pillars ta yi shekara 18 da kafuwa kafin ta ɗauki kofin lig na farko. Wanda ya kai ta ga wannan nasara shi ne Kadiri Ikhana, mutumin Jihar Edo. Ikhana ba baƙo ba ne a harkar, domin yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka ci Kofin Ƙasashen Afirka a Legas a shekarar 1980. A matsayinsa na koci kuwa, shi ne ya jagoranci Enyimba ta ci Kofin Zakarun Afirka a shekarar 2003, karo na farko ke nan da wata ƙungiya daga Nijeriya ta ɗauki wannan kofi, kuma a dalilin haka Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon koci na wannan shekara.

Ke nan, a watan Mayu na 2008, lokacin da Pillars ta zama zakara, tana riƙe da mutumin da ya fi kowa a ƙasar nan sanin hanyar cin kofin Afirka, kuma ga shi ta samu tikitin shiga wannan gasa. Amma tun kafin murna ta lafa, kashegarin ɗaukar kofin, sai Ikhana ya ajiye aiki. Dalilin da ya bayar shi ne cin hanci da rashawa da ya ce sun dabaibaye harkar ƙwallon ƙafa a Nijeriya.

Za a iya cewa ƙorafin nasa ya shafi ƙasa baki ɗaya ne, don haka ba laifin Pillars ba ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai abin dubawa. Ikhana bai bar harkar ƙwallo har abada ba. Ya ci gaba da horar da wasu ƙungiyoyi, ya riƙe ƙungiyar mata ta ƙasa a 2012, sannan ya koma Enyimba ya ci mata kofin lig a 2015. Tun da har wasu sun iya shawo kansa ya dawo, ana iya cewa ƙofar sulhu ba a rufe take ba. Pillars ba ta sake ɗaukarsa ba sai a ƙarshen 2016, bayan shekara takwas, kuma a wannan zuwa na biyu bai kammala kakar wasa ta 2017 ba.

3.3 Gasar Afirka ta 2009: Nasarar da Ta Rufe Ɓaraka

Da a ce ƙungiyar ta sha kashi bayan tafiyar Ikhana, da wataƙila an ɗauki darasi tun da wuri. Amma akasin haka aka gani. An ɗauko wani Bature ɗan ƙasar Sulobeniya mai suna Ivo Sajh, kuma a ƙarƙashinsa Pillars ta yi bajintar da ba ta taɓa yin irinta ba a nahiyar Afirka, ba ta kuma sake yi ba har zuwa ƙarshen lokacin da wannan babi ya ɗauka.

A zagayen da ke kai wa ga wasannin rukuni, Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda ita ce ke riƙe da kofin a lokacin. An tashi 1 da 1 a Kano, aka kuma tashi 2 da 2 a birnin Alƙahira. Bisa dokar da ake bi a wancan lokaci, wadda ke fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa, Pillars ce ta wuce. A rukuninta ta kara da Al Hilal da Al Merreikh na ƙasar Sudan da kuma ZESCO United ta Zambiya, ta samu fitowa zuwa wasan kusa da na ƙarshe. A nan ne Heartland ta Owerri ta taka mata birki, da ci 4 da nema a Owerri, da kuma 1 da nema a Kano.

Shi ma Ivo Sajh bai daɗe ba bayan wannan gasa. Duk da haka ƙungiyar ta zo ta biyu a gasar lig ta 2010, shekarar da wani matashi mai suna Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, kafin ya tafi ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa cikin shekara uku ƙungiyar ta rabu da koci biyu masu nasara, amma sakamakonta bai faɗi ba. Daga nan ne, a ganin wannan bincike, tunanin nan ya fara kafuwa cewa riga ce ke cin wasa, ko wane ne ya zauna a bencin koci.

3.4 Baba Ganaru da Okey Emordi (2012–2015)

Lokacin da Pillars ta fi haskakawa a tarihinta shi ne tsakanin 2012 da 2014, inda ta ɗauki kofin lig sau uku a jere. Kafin ita, ƙungiyoyi biyu ne kawai suka taɓa yin haka, wato Iwuanyanwu Nationale (1988–1990) da Enyimba (2001–2003).

Kofi biyu na farko, na 2012 da na 2013, Mohammed Baba Ganaru ne ya ciyo su. A gasar Afirka ta 2013 kuwa saura ƙiris ya fitar da AC Léopards ta ƙasar Kwango, wadda ta ci Kofin Confederation a shekarar da ta gabata. Pillars ta ci 4 da 1 a gida, aka ci ta 3 da nema a waje, sai dokar nan da ta taimake ta a Alƙahira ta juyo kanta. A bisa al'ada, kocin da ya ci kofi biyu a jere, ya kuma ɗanɗana gasar Afirka ya ga inda gizo ke saƙa, shi ne ya fi cancanta a riƙe da hannu bibbiyu. Amma da aka kammala kakar 2013 sai Baba Ganaru ya bar Kano ya koma Nasarawa United ta Lafiya, ƙungiyar da ba ta kai Pillars suna ko yawan magoya baya ba, kuma ba ta da gurbi a gasar Afirka.

Wanda ya gaje shi shi ne Okey Emordi. Wani abin mamaki shi ne, Emordi ne kocin da ya ci wa Enyimba Kofin Zakarun Afirka na biyu a 2004, bayan tafiyar Ikhana daga can. A watan Fabrairu na 2014, watanni kaɗan da kama aikinsa, AS Vita ta Kinshasa ta fitar da Pillars tun a zagayen share fage. A gida kuwa Emordi ya cike gurbin, ya ɗauki kofin 2014. A karo na biyu ke nan ƙungiyar ta rabu da koci mai kofi, wani ya zo ya ci gaba da nasara kamar ba a yi komai ba.

Shekarar 2015 ta zo da jarrabawa iri-iri. A watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, lokacin da suke tafiya Owerri wasan buɗe kaka, suka raunata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Mohammed. Makonni kaɗan bayan haka Moghreb Tétouan ta Maroko ta fitar da ƙungiyar daga gasar Afirka. Sakamakon gida ma ya ja baya. Maimakon a yi wa kocin uzuri bisa abin da ya faru, sai aka rabu da shi kafin kaka ta ƙare, aka sake kiran Baba Ganaru, wanda aka bari ya tafi ƙasa da shekara biyu da suka wuce.

A taƙaice, kofi huɗu da Pillars ta ci koci uku ne suka ciyo su, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kammala kaka guda cikakkiya a ƙungiyar bayan kofinsa na ƙarshe ba tare da an rabu ba. Na farko ya yi kwana ɗaya, na biyu bai ga farkon sabuwar kaka ba, na uku kuma bai ga ƙarshenta ba.

3.5 Lokacin da Asiri Ya Tonu (2015–2022)

Tambayar da ta kamata a yi a nan ita ce, mene ne ya riƙe ƙungiyar duk tsawon wannan lokaci? Wannan bincike ya gano abubuwa biyu.

Na farko shi ne filin gida. Tun daga watan Yuni na 2003, lokacin da Julius Berger ta yi nasara a Kano, ba a sake cin Pillars a gida a gasar lig ba sai a watan Agusta na 2015, wasa 202 ke nan cikin shekara 12. A gasar da cin wasa a waje yake da wuya ƙwarai, ƙungiyar da ba a doke ta a gida tana da tabbacin kasancewa a sahun gaba ko da wa ke horar da ita. Ƙungiyar da ta karya wannan tarihi kuwa ita ce Nasarawa United, da ci 2 da 1.

Na biyu shi ne wasu jiga-jigan 'yan wasa da suka daɗe tare, irin su Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, da Gambo Mohammed, da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai. Waɗannan sun san juna, sun san filin, sun san abin da 'yan kallo ke so. Duk kocin da ya zo yakan tarar da ginin a tsaye, aikinsa kawai ya gyara ɗaki. Amma ɗan wasa yana tsufa, wani ya ji rauni, wani ya samu inda ya fi. Renon waɗanda za su gaje su aiki ne na shekara uku ko huɗu, kuma kocin da ya san ba zai wuce shekara ɗaya ba, ba zai sa yaro ɗan shekara 18 a wasa ya yi ta kuskure yana koyo ba. Zai nemi wanda zai ci masa wasan ranar Lahadi ne kawai.

Daga 2015 ƙungiyar ba ta sake ɗaukar kofin lig ba. Lokacin da ta ɗan farfaɗo shi ne zamanin Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu, ɗan gida da ya samu 'yan shekaru a jere yana aiki. A 2018 ya kai ta wasan ƙarshe na Kofin Aiteo a Asaba, inda ta fara cin Rangers 3 da nema, amma aka farke duka, aka kuma doke ta a bugun fanareti. Ba a kore shi ba, kuma a 2019 ya kai ta matsayi na biyu a lig, sannan ya ɗauki Kofin Aiteo a Kaduna bayan doke Niger Tornadoes da ci 4 da 3 a bugun fanareti. Wannan misali ya nuna amfanin haƙuri. Amma a 2020 aka ɗauko wani Bafaranshe mai suna Lionel Soccoia, wanda bai kai ƙarshen kaka ba aka sake komawa ga Ibrahim Musa, sannan a 2021 aka ɗauko Salisu Yusuf.

A daidai wannan lokaci ne kuma ƙungiyar ta rasa filinta. An mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona a 2020, Pillars ta koma yin wasanninta na gida a Kaduna. Da ta dawo Kano a 2022, rikicin 'yan kallo a wasanta da Katsina United ya jawo aka rage mata maki, aka kuma sake ɗauke ta daga gida. A ƙarshen kakar 2022 ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta faɗa rukuni na biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ta dawo babban rukuni a 2023.

Ba za a ce canjin koci kaɗai ne ya jawo wannan faɗuwa ba, domin rage maki da rashin fili sun taka rawa. Sai dai a lokacin da gida ya gushe, tsofaffin 'yan wasa suka ragu, babu wani tsarin wasa ko zubin matasa da wani koci ya daɗe yana ginawa da za a jingina da shi.

3.6 Dalilan da Ke Hana Koci Daɗewa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya fitar da dalilai huɗu.

Na ɗaya, gajeren kwantiragi. A gasar Nijeriya an saba ɗaukar koci na kaka ɗaya ko biyu. Da zarar ya ci kofi darajarsa ta tashi, a daidai lokacin da kwantiraginsa ke ƙarewa. Idan hukuma ba ta zauna da shi tun kafin kaka ta ƙare ba, wasu za su riga ta.

Na biyu, hanyar fitar kuɗi. Ƙungiyar da ke jiran kasafin gwamnati ba ta da ikon yanke shawara cikin gaggawa, domin takarda sai ta bi ofis-ofis kafin kuɗi su fito. Jinkirin albashi da kuɗin sa hannu da ladan wasa tsohon kuka ne a ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi a faɗin ƙasar nan, kuma kocin da ke da kasuwa ba ya jure abin da marar kasuwa zai jure.

Na uku, sauyin shugabanci. Tsakanin 2008 da 2022 Jihar Kano ta yi gwamnoni uku, wato Malam Ibrahim Shekarau da Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso da Dokta Abdullahi Umar Ganduje. Sabuwar gwamnati kan zo da sabuwar hukuma, sabuwar hukuma kuma takan so ta zo da nata kocin, domin a san ta yi aiki. Alkawarin da tsohuwar hukuma ta ɗauka ba lalle ne sabuwa ta ga ya hau kanta ba.

Na huɗu, matsin lambar magoya baya. Jama'ar da suka yi shekara 12 ba su ga an ci ƙungiyarsu a gida ba, ko kunnen doki aka yi sai su ɗauke shi abin kunya. Idan hayaniya ta tashi, ba a iya korar 'yan wasa 30, hukuma kuma ba za ta kori kanta ba. Koci ne mafi sauƙin sadaukarwa, kamar yadda Bahaushe ke cewa, inda bango ya tsage nan ƙadangare ke shiga.

3.7 Kwatanci da Wasu Wurare

Matsalar riƙe koci mai nasara ba a Kano aka fara ta ba, sai dai salonta ya bambanta. A ƙasar Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, kuma wasanninsu kan tara dubban 'yan kallo. A can ƙananan jami'o'i ne ke kuka, domin da zarar kocinsu ya yi suna sai manya su saye shi. Misali, a 2009 Brian Kelly ya ci wa Jami'ar Cincinnati wasa 12 a jere ba tare da an doke ta ba, amma a watan Disamba ya koma Jami'ar Notre Dame tun kafin a yi babban wasan rufe kaka, wanda Jami'ar Florida ta lallasa Cincinnati da ci 51 da 24. Maganin da jami'o'in suka samo shi ne dogon kwantiragi mai ɗauke da sharaɗin biyan diyya mai yawa ga duk ɓangaren da ya karya alkawari. Jami'ar Alabama kuwa ta riƙe Nick Saban daga 2007 zuwa kakar 2023, ya ci mata kofin ƙasa sau shida.

Bambancin da ke akwai shi ne, Cincinnati ƙarfin aljihu aka fi ta, ita kuwa Pillars tana cikin manyan ƙungiyoyin ƙasarta. Babu wata Notre Dame da ta ƙwace mata Ikhana ko Baba Ganaru. Ke nan matsalarta ta tsari ce fiye da ta talauci.

A nahiyar Afirka ma akwai abin koyi. Kocin Al Ahly da Pillars ta fitar a 2009 shi ne Manuel José, ɗan ƙasar Fotugal, wanda ya ci wa ƙungiyar Kofin Zakarun Afirka sau huɗu, a 2001 da 2005 da 2006 da 2008, kuma uku na ƙarshe a zama ɗaya ne na sama da shekara biyar. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta riƙe Pitso Mosimane daga 2012 zuwa 2020, ya ci mata lig sau biyar da kofin Afirka a 2016. A nan gida, Clemens Westerhof ya yi shekara biyar yana gina Super Eagles, daga 1989 zuwa 1994, kafin ya ci Kofin Ƙasashen Afirka ya kuma kai Nijeriya gasar cin kofin duniya karo na farko. Haka nan Remo Stars ta Ikenne, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta bar Daniel Ogunmodede a kan aiki bayan ya zo na biyu a 2023 da 2024, sai ga shi ya ɗauki kofin lig a 2025.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin koci-kocin da suka kawo wa Kano Pillars nasara daga 2008 zuwa 2022, an ga yadda kowannensu ya rabu da ƙungiyar jim kaɗan bayan nasararsa. An nuna cewa ƙarfin filin gida da daɗewar wasu 'yan wasa su ne suka ɓoye illar wannan ɗabi'a har zuwa 2015, kuma an kawo dalilai huɗu da ke haddasa ta. Wani abin da ya ƙara fitowa fili shi ne yadda ƙungiyar ta riƙa komawa ga waɗanda ta saki: Baba Ganaru a 2015, Ikhana a 2016, Ibrahim Musa a 2021. Wannan ya nuna cewa an san darajarsu, sai dai ba a tuna ta sai bayan sun fita.

Bisa ga haka, wannan bincike yana ganin ya kamata a riƙa ba kocin da ya yi nasara kwantiragin da bai gaza shekara uku ba, a sabunta shi tun kafin kaka ta ƙare, a sa sharaɗin diyya a kan ɓangarorin biyu, a kuma rubuta shi da sunan ƙungiya ta yadda sauyin hukuma ba zai soke shi ba. A babi na gaba za a duba dangantakar ƙungiyar da magoya bayanta, musamman waɗanda ke zaune a wajen Jihar Kano.